Doka biyu ba hujjar hana hutu ba ce

Akwai wata magana da masu kamfanoni da shugabannin makarantu a Amurka suka mayar abin taunawa kamar goro. Wai dokokin hutun haihuwa da na jinya sun yi yawa, sun hau kan juna, gwamnatin tarayya na da tata, jiha na da tata, har mutum ya rasa wadda zai bi. Da wannan magana ake ja wa mai jego rai, da ita ake gutsure wa mai jinyar uwa kwanakinsa, kuma da ita ake so mu tausaya wa wanda ya yi gutsuren. Ni ban karɓi wannan uzuri ba, kuma zan faɗi dalili.

Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta a Nijar da dokar Amurka. Abu biyu. Na farko, muna da ƴan uwa a can, a Niyu Yok da Greensboro da wasu biranen, suna aiki a shaguna da masana'antu da gidajen kula da tsofaffi, suna haihuwa, suna jinya, kuma wannan doka ce ke kansu. Na biyu, dokar ta ware mu malamai ta yi mana babi na musamman, abin da bai kamata ya wuce mu ba tare da mun duba ba.

Sai mu fara da kalmar jiha, don kada ta ruɗe mu. Jihar Maraɗi ko ta Tawa ba ta yin dokar ƙwadago ta kanta, abin da aka tsara a Yamai shi ne na kowa. A Amurka kuwa jihohi 50 ne, kowace da majalisarta da gwamnanta da kotunanta, kuma tana da ikon ta yi doka a kan ma'aikatan da ke cikinta. Don haka ma'aikaci ɗaya yana iya zama ƙarƙashin inuwa biyu a lokaci guda.

Inuwar farko ita ce dokar tarayya ta hutun iyali da jinya, wadda suke taƙaitawa da FMLA. Ba a same ta cikin ruwan sanyi ba. Sau biyu majalisa tana amincewa da ita, a 1990 da 1992, shugaba Joj Bush babba yana ƙin sa hannu. Sai da Bil Kilinton ya hau mulki ya sa mata hannu ranar 5 ga Fabrairu 1993. Abin da ta bayar shi ne mako 12 a cikin wata 12, ga wanda ya samu haihuwa, ko ya karɓi riƙon yaro, ko yake jinyar mata ko miji ko ɗa ko mahaifi, ko shi kansa ciwo mai tsanani ya kwantar da shi. Idan ya dawo, aikinsa ko makamancinsa na jiransa, inshorar lafiyarsa kuma ba ta yankewa. Amma ko dala ba a biyansa a waɗannan makonni. Ku sake karanta wannan jimla, ku da kuke ganin ana kwasar arziki a bakin titi a ƙasar.

Ko wannan hutu mara albashi ma ba kowa ke samu ba. Kamfani sai yana da ma'aikata 50 dokar ke hawa kansa. Shi ma'aikacin sai ya yi wata 12 a wurin, ya yi aikin awa 1,250 a shekarar da ta gabata, kuma sai akwai ma'aikata 50 na wannan ubangida a cikin tazarar mil 75, wato kusan kilomita 120, kamar daga Maraɗi zuwa Tasawa. Binciken da ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta sa aka yi a 2018 ya nuna kashi 56 cikin 100 na ma'aikata ne suka cika waɗannan sharuɗɗa. Sauran suna waje, rana na dukansu.

Wannan giɓi ne jihohi suka tashi cikewa. Kaliforniya ce ta fara biyan kuɗin hutun iyali a 2004. Niyu Jasi ta biyo a 2009, Rhode Island a 2014, Niyu Yok a 2018, jihar Washintan a 2020, Masacuset a 2021, wasu kuma suka bi sahu daga baya. Kowace ta ɗinka rigarta daidai wuyanta. Tun daga 2021 dokar hutun Kaliforniya ta sauko har kan mai ma'aikata 5. Ta Niyu Yok tana kama ko mai ma'aikaci ɗaya, tana biyan kashi 67 cikin 100 na albashi har zuwa wata iyaka, tsawon mako 12, kuma ba ta tambayar mutum takardar zama ƙasa. A Masacuset jimlar hutun na iya kaiwa mako 26 a shekara. A Karolina ta Arewa, inda Greensboro take, ma'aikacin kamfani ba shi da irin wannan asusu, dokar tarayya ce kawai gatansa.

To a nan ne kukan iyayen gidan aiki ya samo asali, kuma adalci ya sa in kawo shi yadda suke kawo shi. Suna cewa: muna da rassa a jihohi goma, kowace da adadin ma'aikatan da take farawa da shi, kowace da wanda take kira ɗan uwa, kowace da takardunta da wa'adinta. Wata ta haɗa da ciwon ma'aikaci, wata ba ta haɗa ba. Ga masu aiki daga gida ta intanet, ofis na wata jiha, su suna wata. Ta yaya ba za a yi kuskure ba?

Aikin yana da yawa, ban musa ba. Ƙaramin mai shago da ba shi da lauya yana iya shan wahala da gaske, kuma ya cancanci gwamnati ta sauƙaƙa masa takardu. Amma yawan aiki daban, rashin sanin hanya daban. Dokar 1993 da bakinta ta raba gardamar. Ta ce babu abin da ke cikinta da zai soke dokar jiha ko ta gari da ta ba ma'aikaci haƙƙin da ya fi nata. Ita daɓe ce, ba a sauka ƙasa da ita, amma kowa na iya ɗora gini a kai. Saboda haka ubangida ba ya zaɓen doka kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Duka biyun yake bi, kuma a duk inda suka bambanta, wadda ta fi yi wa ma'aikaci daɗi ita ce abin bi. Idan dalilin hutun ya shiga cikin dokokin biyu, kwanakin suna tafiya tare. Idan ɗaya kawai ya shiga, ita kaɗai ake cirewa, ɗayar tana nan cif. Wannan ƙa'ida ɗalibin aji shida zai haddace ta kafin a tashi tara.

Bari mu gwada ta a allo. Wata baiwar Allah tana aiki a Niyu Yok, surukarta ta kwanta ciwo. Dokar tarayya ba ta san suruka ba, ba ta san kaka ba, ba ta san wa ko ƙanwa ba. Dokar Niyu Yok ta san su duka. Matar ta ɗauki mako 12 na jiha ta yi jinya. Bayan wata uku ita kanta aka yi mata aiki a asibiti. Shin hutunta ya ƙare? Bai ƙare ba. Mako 12 na tarayya ba a taɓa su ba, tunda jinyar suruka ba ta cikinsu. Ubangidan da ya ce mata "ai kin cinye naki" ya tauye ta, ko ya sani ko bai sani ba.

Misali na biyu, Kaliforniya. Mace mai ciki tana da hutun laulayi da haihuwa har wata huɗu idan likita ya tabbatar da buƙata, kuma wannan yana tafiya tare da na tarayya. Amma dokar hutun iyali ta jihar ba ta lissafa laulayi da haihuwa a cikin nata mako 12 ba. Bayan mai jego ta warware, tana da wasu mako 12 na renon jariri. A haɗa, yana iya kusan wata bakwai. A Niyu Jasi ma kusan haka ne, tunda dokar jihar ba ta lissafa ciwon ma'aikaci kansa. Duk wanda ya tsaya a kan "mako 12 ne, shi ke nan" ya karanta shafi ɗaya ya rufe littafin.

Yanzu ga tambayar da nake so a amsa mini. Kamfanin da ke cewa dokar hutu ta ruɗa shi, ba shi ne ke biyan haraji a jihohin nan goman ba? Harajin ciniki ya bambanta daga jiha zuwa jiha, wani lokaci daga gari zuwa gari. Harajin albashi haka. Mafi ƙarancin albashi haka. Duk wannan an zuba shi a kwamfuta, an ɗauki akanta, ana lissafawa har sisin kwabo, don an san hukumar haraji ba ta jin "na ruɗe". Me ya sa kan da ya iya wancan lissafi yake juyewa idan aka zo kan mai jego? Ruwa ba ya tsami banza. Mai karɓar haraji yana da sanda. Mai jego tana da jariri a hannu da tsoron rasa aiki.

Kuma kada a ce kuɗi ne. Hutun tarayya ba ya cin aljihun ubangida albashi ko na kwana ɗaya. A Kaliforniya da Niyu Yok da Niyu Jasi da Rhode Island, kuɗin da ake biyan mai hutun iyali daga albashin ma'aikata ake cire shi kaɗan kaɗan, kamar adashi. A wasu jihohin ne, irin Washintan da Masacuset, ake raba nauyin tsakanin ɓangarorin biyu. Wato a wurare da dama abin da ake nema daga ubangida bai wuce ya riƙe wa mutum gurbinsa ya cika takarda a kan lokaci ba.

Takardar nan ita ce zuciyar maganar. Doka ba ta ɗora wa ma'aikaci ya zama lauya ba. Ba dole ne ma ya ambaci sunan dokar ba a karon farko, ya isa ya faɗi abin da ya same shi yadda za a gane. Idan abin da ake hange ne, kamar haihuwa, ya ba da sanarwar kwana 30. Daga nan nauyi ya koma kan ubangida: cikin kwanakin aiki 5 ya sanar da shi ko ya cancanta, ya faɗa masa haƙƙinsa da abin da ke kansa, sannan ya rubuta masa cewa wannan hutu a lissafin doka yake. Ya ajiye dosiyen shekara uku. Hatta yadda ake ƙirga "shekara", an ba ubangida hanyoyi huɗu ya zaɓi ɗaya ya yi wa kowa da ita, in kuma bai zaɓa ba, sai a bi wadda ta fi amfanar ma'aikaci. An tauna an ba shi a baki.

Har Kotun Ƙoli ma ta rage masa kaya. A shari'ar Ragsdale ta 2002, kotun ta soke ƙa'idar da ke hukunta ubangida kai tsaye don kawai bai rubuta sanarwar ba, ta ce sai ma'aikaci ya nuna rashin sanarwar ya cutar da shi. Ku duba wanda aka bar wa wahala: mara lafiya ne zai nemi lauya, ya shigar da ƙara cikin shekara biyu, ko uku idan da gangan aka yi, ya tabbatar da asararsa. Gaskiya ne idan ya ci nasara ana iya ninka masa diyya. Amma mutum nawa ne da ke kwance, ba albashi, za su iya wannan doguwar tafiya? Mai yin shiru ya san wannan lissafi sarai. Shirun nasa ba mantuwa ba ce kullum.

Mu zo kanmu, ƴan uwana malamai. Dokar tarayya ta hau kan makarantun firamare da na sakandare duka, na gwamnati da masu zaman kansu, ba tare da duba yawan ma'aikatansu ba, ko da yake shi malamin sai ya cika nasa sharuɗɗan. Ta kuma gane wani abu da kowane malami ya sani: aikinmu ba ya ƙarewa da ƙarar ƙararrawa. Gyaran takardun yara da shirya darasi a gida aiki ne. Don haka malamin cikakken lokaci ana ɗaukarsa ya cika awa 1,250, sai in makaranta ce ta kawo hujja ƙarara cewa bai cika ba. Babban hutun ƙarshen shekara kuma ba a cire shi daga mako 12 ɗin.

Amma an ba makaranta nata makamin. Idan malami zai riƙa fita jefi jefi don magani da aka tsara, har fitar ta wuce kashi 20 cikin 100 na kwanakin aikin wannan lokaci, ana iya ce masa ya ɗauki hutun a dunƙule ko a matsar da shi wani gurbi na ɗan lokaci. Idan kuma dawowarsa ta faɗo dab da ƙarshen zango, a wasu yanayi ana iya sa shi ya zauna har zangon ya ƙare, sai dai waɗannan ƙarin kwanaki ba a lissafa su cikin haƙƙinsa. Ban ga laifin wannan ba, don an yi shi ne saboda yara. Abin da nake nunawa shi ne, waɗannan ƙa'idoji sun fi na jinyar suruka sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, amma da wuya ka ji hukumar makaranta ta ce sun ruɗa ta. Wanda ke ba ta iko ta haddace shi. Wanda ke ba malama haƙƙi ne yake zame mata duhu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin gwamnatocin da kansu idan suka sa hular ubangida. A Masacuset, ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ke ɗaukar malaman makarantun gwamnati, ba sa cikin asusun hutun sai sun ga dama sun shiga. A Niyu Yok ma hukumomin gwamnati zaɓi aka ba su. Malaman birnin Niyu Yok sai a 2018 suka samu mako 6 na haihuwa da albashi, kuma ƙungiyarsu ce ta ƙwato shi a teburin ciniki. A Kaliforniya, jihar da ta riga kowa, yawancin malaman gwamnati ba sa cikin asusun jihar. Malama tana da kwana 10 na jinya a shekara, idan suka ƙare sai a shiga cire kuɗin wanda ya riƙe mata aji daga albashinta. A 2019 labarin wata malamar firamare a San Faransisko mai fama da ciwon daji ya tayar da ƙura a kan haka, har iyayen yara suka yi mata karo-karo. An kai ƙudurin ba malamai mata aƙalla mako 6 da cikakken albashi, gwamna Jerry Brown ya ƙi sa hannu a 2017, gwamna Gavin Newsom ya ƙi a 2019. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Kotu ma ta raba musu gida biyu. A shari'ar Hibbs ta 2003, wadda ta taso daga wani ma'aikacin jihar Nebada da ke jinyar matarsa, Kotun Ƙoli ta ce ma'aikaci na iya neman diyya daga jiha idan ta hana shi hutun jinyar iyali. A shari'ar Coleman ta 2012 kuma ta ce idan ciwon kansa ne, ba zai samu diyyar kuɗi daga jiha ba. Wanda ya kamata ya yi kukan ruɗani ke nan, ma'aikacin, ba wanda ke da ofis cike da lauyoyi ba.

Iyaye, na san abin da ke ranku, don ni ma uba ne. Idan malama ta tafi wata uku, wa zai koyar da ɗana? Tambaya ce mai kyau, amma ku kai ta inda ta dace. Ciki ba ya zuwa ba sallama. Wata da watanni ana ganinsa, doka ma ta ce a ba da sanarwar kwana 30. Darakta da hukumar da suka bar aji ba kowa bayan duk wannan lokaci su ne ba su yi aikinsu ba. Kuma malamar da aka tilasta wa dawowa jikinta bai warware ba, hankalinta na kan jaririn da ta baro, me kuke zaton za ta zuba wa yaranku a kai? Tun muna makarantar horon malamai aka koya mana cewa yaro yana karanta fuskar malami kafin ya karanta allo. Shekarun da na yi ina riƙe alli sun tabbatar mini da haka. Hutun malama ba gāba yake da karatun ɗanku ba. Ku kuma kanku ma'aikata ne a wani wurin, ranar da jinya ta zo gidanku irin wannan doka za ku nema.

A nan gida ba mu da doka biyu. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mace mako 14, fiye da na tarayyar Amurka, kuma daidai da mafi ƙarancin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a yarjejeniyarta ta shekarar 2000. Duk da haka na ga malamar da ta koma aji da ƙyar ta gama arba'in, don an nuna mata a fakaice cewa gurbinta ba zai jira ta ba. Babu dokar jiha da ta ruɗa wanda ya yi mata haka. Wannan shi ya ƙara tabbatar mini cewa yawan dokoki ba shi ne ciwon ba. Inda doka take biyu a ce ta yi yawa, inda take ɗaya a ce ba a ga takardar ba.

Don haka ga ɗan uwa ko ƴar uwa da ke aiki a can: ka nemi hutunka a rubuce, ka riƙe kwafi. Ka tambaya a rubuce, wace doka ake cire mini waɗannan kwanaki, ta tarayya, ta jiha, ko duka biyun, kuma nawa ya rage a kowace? Ka duba dokar jihar da kake aiki a cikinta, kada ka tsaya a kan abin da ofis ya faɗa maka da baki. Idan an ƙi amsawa, sashen albashi da awoyin aiki na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya yana karɓar koke kyauta, jihohin da ke da nasu dokokin su ma suna da ofisoshinsu.

Ga iyayen gidan aiki kuwa, can da nan, maganata gajeriya ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ɗauki mutum aiki ya ɗauke shi da cikinsa da ciwonsa da tsohuwarsa da ke kwance. Idan dokoki biyu ne, a karanta biyun. Idan goma ne, a ɗauki wanda zai karanta su, kamar yadda aka ɗauki mai lissafin haraji.